Kafin ka nemi lauya a kan riƙon yara

Ɗan ƙanina ne ya same ni a shago bayan la'asar, ko zama bai yi ba ya ce, "Baffa, ka san wani lauya mai zafi?" Ya saki matarsa, ko idda ba ta gama ba, yana so ya karɓe yaransa, alhali ƙaramar ba a ma yaye ta ba. Takardar sakin ma ta WhatsApp ya tura. Na rasa ta inda zan fara, don irin wannan lauyan ni ma na taɓa nema.

Lokacin da na rabu da uwar 'ya'yana, ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000 ba. Lauyan farko da na je wurinsa dattijo ne. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ɗauko Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ya nuna mini da yatsa: bayan saki riƙo na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta auri bare, sai riƙon ya koma hannun kakarsu ta wajen uwa, ba hannuna ba. Ya ce, "Alhaji, naka shi ne ci da sha da sutura. Je ka ku zauna da waliyyinta." Ko sisi bai karɓa ba. Na fito ina cewa tsohon nan ba ya son aiki.

Na biyun cewa ya yi in bar masa komai. Kuɗin buɗe fayil daban, kuɗin zuwa kotu daban, ko da ɗage zaman aka yi. Ya ce hanya ɗaya ce, mu nuna wa alƙali ba ta cancanci riƙo ba. Muka shiga neman shaidu. Na tsaya gaban jama'a na tona abin da daga ni sai ita muka sani, mahaifinta na zaune a bencin baya, kansa a sunkuye. Mutumin da ya ba ni 'yarsa bai tsawwala mini sadaki ba.

Amma ni ma fa ina da dalili. Sun hana ni ganin yaran, in na aika da kayan salla a dawo mini da su. Wane uba ne zai naɗe hannu? Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Sai dai ganin 'ya'yana haƙƙina ne, da shi kaɗai na nema da na samu ba tare da na ci mutuncin kowa ba. Na sha kaye, na ɗaukaka ƙara, na sake sha, har fili na sayar. Babban ɗana a lokacin ya yi wayo. Yanzu magidanci ne, yana gaishe ni, yana yi mini biyayya, amma bai taɓa zama ya yi hira da ni ba.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, amma ba su da yawa. Kada ku kai maganar aure wurin lauya. Tun kafin a kai ga saki Allah ya ce a tashi wakili daga dangin miji, wani daga dangin mata, ku duba Suratun Nisa'i, aya ta 35. In dangi sun gaza, ga Hisba, ga zauren sulhu. Ku yaran yanzu kun raina manya, sirrin gidanku sai Facebook ta ji kafin iyayenku su ji, sannan ku ce an zalunce ku!

To amma in dole sai kotu, kada ku shiga ba lauya. Musamman ke 'yata da aka sake ki aka bar ki da yara ba ci ba sha, kada kunya ta hana ki. In ba ki da hali, akwai ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, suna taimaka wa irinki. A yanka wa uban abin da zai riƙa bayarwa duk wata, a rubuta.

Kai kuma, lauyan da ya ce maka ba za ka yi nasara ba, biya shi kuɗinsa ka koma gida. Wanda ya ce ka bar masa komai, tun kafin ka miƙa masa kwabo ya rubuta maka nawa zai karɓa, da abin da za ku faɗa a kan uwar 'ya'yanka a gaban alƙali.