Daga Kujerar Alpha Jet Zuwa Dillancin Inshora

A Kaduna na fara koyon tuƙin jirgi, daga nan aka tura mu Kano muka hau jirgin horo na L-39, kafin na tare a Kainji da Alpha Jet, jirgin yaƙin nan mai kujera biyu da inji biyu da Faransa da Jamus suka haɗa hannu suka ƙera. Sojan ruwanmu ba su da jiragen yaƙi masu sauka a kan jirgin ruwa irin na Amurka, don haka duk mai sha'awar wannan aiki a Najeriya sai ta rundunar sojan sama. Da Alpha Jet muka yi aikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a Laberiya, har da ƙarshen 1992 lokacin da mayaƙan madugun 'yan tawaye Charles Taylor suka far wa Monrobiya. Ba na son yawan tuna wancan zamani. Allah Ya ji ƙan waɗanda ba su dawo ba.

Abin da jama'a ba su gani shi ne rabin aikin matuƙi a ƙasa yake. Kafin ka hau, sai ka zagaye jirgin da ƙafarka, ka taɓa taya, ka leƙa bakin injin ko tsakuwa ta shiga, ka duba ƙarƙashin fukafuki ko mai na ɗiga. Sannan makaniki ya miƙo littafin jirgin ka sa hannu. Shi ya ɗauki amanar ranka, kai kuma ka ɗauki amanar aikinsa. Wannan ɗabi'a ita ce jarin da na shiga kasuwa da shi bayan na yi ritaya, ta ma fi giratuti yi mini amfani.

Na koma karatu na ci jarrabawar ma'aikatan inshora, na fara dillanci a Kano. Shekarun farko sun yi nauyi. Sai in shiga shago a karɓe ni hannu biyu, a kawo ruwa, da na faɗi abin da ke tafe da ni sai mai shago ya ce, "Yallaɓai, ai wannan caca ce." Ban taɓa raina maganar ba, domin malamai sun daɗe suna nuna riba, wato kuɗin ruwa, da garari, wato rashin tabbas a ciniki, a inshorar da aka saba. Sauƙi ya zo ne da NAICOM, hukumar kula da inshora ta ƙasa, ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato inshorar Musulunci, a 2013, kamfanoni suka fara samun lasisi. A takaful kowa na zuba gudummawa a asusu ɗaya da niyyar taimakon juna, kamfani wakili ne kawai mai karɓar ladan aiki, malamai na sa ido, in kuma an samu rara a ƙarshen shekara a raba wa masu asusun. Gobarar kasuwar Sabon Gari a Maris ɗin 2016, wadda ta lashe dubban shaguna, ta sa wasu da suka sallame ni a baya suka neme ni da kansu.

Ba na karɓar kuɗin kowa sai na zagaye shagonsa kamar yadda nake zagaye jirgi. Wani Alhaji mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ya kai ni sitonsa, na tarar da soket ɗaya ɗauke da fanka da firji da dutsen guga, waya ta yi baƙi, ga jarkar fetur ta janareta a bayan dilolin shadda. Na ce, "Alhaji, a fitar da jarkar nan, a kira mai gyaran wuta, sai mu yi magana." Bai ji daɗi ba, amma ya gyara. Sai kuma batun ƙima: kayan miliyan 20 yake so a rubuta na miliyan 10 don kuɗin da zai biya ya ragu. Na fahimtar da shi cewa in ya yi haka, rabin kayan kaɗai ya kare, kuma ko asarar miliyan 4 ya yi, miliyan 2 za a ba shi. Yawancin rigimar biyan diyya daga nan take farawa, sai kuma rashin ajiye rasit da littafin kaya a wajen shago.

Amma gaskiya laifin ba na 'yan kasuwa ba ne kaɗai. Mu ma'aikatan inshora mun ɓata sunanmu da jan ƙafa. Na taɓa yin watanni ina sintiri a ofishin wani kamfani kan diyyar wata baiwar Allah da injin niƙanta ya ƙone, takardunta cikakku, ana ta yau da gobe. Daga ranar da aka biya ta ban ƙara kai musu kowa ba. Dillalin da ya ɓace ranar asara ya ci amana, kuma unguwa guda ce za ta ji labari.

Masu mota kuwa, tun Janairun 2023 inshorar dole ta ƙaramar mota ta gida ta koma naira 15,000, tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3. Da yawa takardar bogi suke riƙe da ita, wadda aka buga musu a bakin ofishin lasisi. Duk wanda ya shigo wurina, nakan sa lambar motarsa a NIID, rumbun bayanan inshora na ƙasa, a gabansa, ya gani da idonsa ko takardar tasa tana da rajista.