Kilomita ɗaya ya rage mini a Dutsen Ventoux

Makonni uku ke nan da dawowata daga Dutsen Ventoux, amma har yanzu idan na kwanta da dare, hasumiyar nan mai ja da fari da ke ƙolinsa nake gani, ga ta kusa ƙwarai, alhali ƙafata ba ta taka gindinta ba. Shekara biyu na yi ina shiri, ina fita da keke kowace Asabar a tuddan da ke kewaye da Marseille inda nake aiki, kuma duk wannan wahala ta lalace ne saboda gorar ruwa guda ɗaya da na bari a kujerar bayan mota.

Duk mai bin gasar tseren keke ta Tour de France ya san matsayin wannan dutse mai sanƙo na yankin Provence a kudancin Faransa, wanda gasar ta fara bi ta kansa a 1951. Na zaɓi hanyar da ta tashi daga garin Bédoin, a gindin dutsen, saboda ita ce ta tarihi: kilomita 21 da ɗoriya, daga kimanin mita 300 sama da teku zuwa fiye da mita 1,900. Manyan 'yan tsere suna gama ta cikin kusan awa ɗaya, ni kuwa na ba kaina awa biyu da rabi, kuma na tabbata da na yi abin da ya kamata da na cika alkawarin.

Mun makara a hanya, ni da abokina da ya tuƙo ni, ba mu isa Bédoin ba sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a tsakiyar watan Yuli. Dattijon da na karɓi hayar keke a shagonsa ya dubi agogo, ya dube ni, ya ce masu hankali tun ƙarfe bakwai suka tafi, in kuma dole sai na hau yanzu, to in cika gora biyu. Na amsa masa da cewa a Damagaram na tashi, inda zafin bazara yake wuce digiri 40, don haka ranar Turai ba za ta ba ni tsoro ba. Na ƙara da wani lissafi da na ɗauko daga karance-karancen da na yi a kan masu hawan dutse, waɗanda ke ƙin ɗaukar ko da giram ɗaya da ba su buƙata, sai na ajiye gora ta biyu don in rage nauyi. Wannan magana da na faɗa wa dattijon ita ce ta fi ci mini rai a yau, domin zafin da na sani a gida zafi ne da ake jure shi a inuwar bedi, da randa a kusa, ba wanda ake tarar sa ana taka feda a kan hawa ba.

Kilomita shida na farko sun wuce cikin gonakin inabi ba tare da wata matsala ba. A kwanar Saint-Estève hanya take miƙewa sama ta shiga daji, kuma daga nan kusan kilomita goma ne da tsaurin hawan ba ya sauka ƙasa da kashi 9 cikin ɗari sai ɗan kaɗan. Na yi zaton itatuwa za su ba ni inuwa, ashe da tsakar rana iska suke tarewa kawai, rana kuwa tana sauka kai tsaye a kan kwalta. Ƙudaje suka yi ta bin fuskata, gumi yana ɗiga daga hular kwano a kan ƙarfen keken, ina kallon duwatsun alamar kilomita ɗaya bayan ɗaya, kowanne ɗauke da lambar da ta fi ta baya muni. Kafin in kai rabin dajin na ɗaga gorar na ji ta sakayau. Ban ga famfo ko shago ba a duk tsawon wannan wuri, kuma da na tambaya tun a ƙasa da an gaya mini haka.

Abin da ya biyo baya ya zo a hankali. Da farko bakina ya bushe har harshe yana manne wa dasashi, sannan na lura gumin ya ɗauke alhali zafin bai ragu ba, daga nan jijiyar cinyata ta dama ta ɗaure har sai da na sauka na tura keken da ƙafa. Wasu tsofaffi mata da miji 'yan Beljiyam, da suka ajiye motarsu a gefen hanya, su ne suka cika mini gorar, matar tana ta nuna mini kujera in zauna. Allah ya saka musu da alheri. Da wannan ruwa na lallaɓa har Chalet Reynard, inda daji yake ƙarewa, wurin da aka mayar da ƙarshen zangon Tour de France na 2016 saboda ƙarfin iska a ƙoli, ranar da ɗan tsere Chris Froome ya yi gudu da ƙafa sanye da rigar rawaya, wadda mai jagorantar gasar ke sawa, bayan kekensa ya karye. A can na sha, na ci, na yi sallar Azahar, na ɗauka komai ya koma daidai. Ban san cewa jikin da ya riga ya ƙafe ba ya farfaɗowa cikin rabin awa ba, komai yawan abin da aka ɗura masa daga baya.

Kilomita shida na ƙarshe babu itace ko ɗaya, sai fararen duwatsu masu mayar da hasken rana cikin ido. Na yi biyar daga cikinsu ina layi a kan hanya, har na iso matakalar da ke hannun dama, inda aka kafa dutsen tunawa da ɗan tseren keke Tom Simpson. A nan kaina ya fara juyawa, na ga hanyar ta rabu biyu, na sauka na zauna a kan matakalar.

Na san tarihin mutumin tun kafin in zo. Shi ne ɗan Birtaniya na farko da ya sa rigar rawaya, a 1962, ya kuma zama zakaran duniya a 1965. Ranar 13 ga Yuli, 1967, a zango na 13 na Tour de France da ya tashi daga Marseille zuwa Carpentras, ya faɗi a wannan gangare cikin tsananin zafi, aka ɗora shi a kan keke ya ƙara 'yar tafiya, ya sake faɗuwa hannuwansa na riƙe da kan keken. An ɗauke shi a jirgi mai saukar ungulu zuwa Avignon, amma rai ya yi halinsa, yana da shekara 29. Binciken gawa ya nuna ƙwayar amfetamin da barasa a jikinsa, kuma yawancin mutane a nan suke tsayar da labarin. Abin da ban taɓa ba shi nauyinsa ba shi ne cewa a wancan zamani doka ba ta yarda motar ƙungiya ta riƙa miƙa wa ɗan tsere ruwa a hanya ba, sai dai su afka wa shagunan gefen titi da famfunan ƙauyuka su ɗebi abin da suka samu. Shahararren ɗan tsere Eddy Merckx, wanda suka yi ƙungiya ɗaya da Simpson, ya cire hularsa da ya zo wucewa ta wurin a 1970, kuma shi kansa sai da aka ba shi iskar numfashi bayan ya ci zangon.

Da idona ya washe sai na ga abin da ke kewaye da ni. Gorunan ruwa ne jere a gindin dutsen, wasu sababbi, wasu rana ta ƙone launinsu, ga huluna da aka danne da tsakuwa don kada iska ta kwashe. Masu keke daga ko'ina suke barin su, kuma a fahimtata suna kawo wa mutumin abin da ya rasa a ranar ne. Ni da aka ba ni gora biyu, aka kuma yi mini gargaɗi da baki, na ajiye ɗaya da hannuna saboda alfahari da garinmu. Kunya da tsoro suka haɗu suka rufe ni, na ciro waya na kira abokina ya hauro da mota.

Ya ce mini kilomita ɗaya kacal ya rage, in huta in ƙarasa, kuma na san da kyakkyawar niyya ya faɗa. Na ƙi, domin kusa da wurin da nake zaune ne aka taɓa ɗora wani a kan keke don ya ƙarasa. Ba na nadamar wannan shawara, amma ina jin haushin abin da ya kai ni gare ta, kuma duk wanda ya ce mini zai hau Ventoux yanzu, kafin ya yi maganar giyar keke ko nauyin taya nake tare shi da zancen ruwa: gora biyu, kurɓi duk bayan minti goma tun daga cikin gonakin inabi kafin ƙishirwa ta zo, da barin Bédoin kafin rana ta ɗaga. Na riga na kama ɗaki a garin don mako na biyu na Satumba, na kuma gaya wa dattijon mai shagon ya ajiye mini keken nan dai, zan karɓe shi tun da yamma.