Kafin ka danna wancan jan maɓallin na sabon antibairos

Tambayar nan ta yi yawa a bakin yaran da ke shigowa shagona, musamman 'yan makaranta da suka sayi laftof ɗan Landan: yaya, antibairos ɗina kullum sai ya turo min saƙo wai sabo ya fito, in sa ko in ƙyale? To ƙannena, ku fara karanta saƙon tukuna, don ba kowane jan rubutu ne yake nufin abu ɗaya ba. Akwai abdet na yau da kullum, ɗan ƙaramin fayil ne mai ɗauke da alamomin sababbin bairos, wannan ba a shawara a kansa, a bar shi ya shiga ko da datarka ta kusa ƙarewa. Akwai kuma canjin manhajar gaba ɗayanta, tsohuwa ta fita sabuwa ta shiga. Sai wanda ya fi yawan fitowa, talla ce zalla, wai ka ƙara kuɗi a haɗa maka da VPN da ma'ajiyar fasuwod da mai goge shara, an yi mata jan launi ne kawai don gabanka ya faɗi.

Ni dai lambar shekara ce ta cuce ni. Lokacin da na buɗe shagon taifin da firintin, a kaina duk antibairos ɗin da aka rubuta sabuwar shekara a jikinsa ya fi na bara, kuma tunda kuɗin lasisi dala ne ni kuma ba ni da ita, sai in je in nemo wanda aka fasa, kirak kenan. Ku lura da abin da takardar bayanin kirak take cewa, kusan duk iri ɗaya ne: kashe antibairos ɗinka, cire intanet, sa wannan, sannan ka toshe shi kada ya yi magana da kamfanin don kada su gane makullin na sata ne. Na bi wannan umarnin da hannuna ban taɓa tsayawa na ce to in ba zai yi magana da kamfanin ba daga ina zai samo abdet ba. Koren tik yana nan ɓaro-ɓaro a ƙasan sikirin, ina nuna wa kwastoma ina cewa ai na bana ne, alhali jerin bairos ɗin da ya sani tun ranar da aka fasa shi bai ƙaru da ko ɗaya ba. Abin haushin ma, Windows da ta ga akwai wani antibairos da ya ce yana aiki sai Defender, antibairos ɗin da yake zuwa a cikinta, ya ja gefe ya zauna, ka ga na kori na gaske kyauta na ajiye hoto.

Wajen neman wani kirak ɗin ne na kwaso wanda ake kira Djvu, irin mai kulle fayil ɗin nan da ya yi ta yawo ta cikin manhajojin sata tun ƙarshen 2018. Da safe na kunna babbar kwamfutar, duk fayil ya samu wata baƙuwar jela a bayan sunansa, Word ya ƙi buɗewa, katunan biki da na zana a CorelDRAW sun ƙi, kowace folda da wata 'yar takarda mai suna _readme.txt tana cewa in biya dala 980, in na yi sauri cikin awa 72 a bar min 490. A ciki akwai furojet ɗin wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe, babi huɗu an gama. Allah ya taimake ni tana da kwafin da malaminta ya bi da jan biro, shi na baje a kan tebur na sake bugawa daga farko, ina karanta rubutun ina tsallake gyaran da ya yi a gefe da wanda ya soke, tebur-tebur na lissafi duk sai da na sake zana su, ita kuma tana zaune a benci ba ta ce min komai ba, wallahi da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Akwai kamfanin Emsisoft da ya fitar da abin buɗe irin wannan kullen kyauta, amma yana aiki ne kawai in bairos ɗin bai samu intanet ba lokacin da yake kullewa, nawa kuwa modem a kunne ya kwana.

Daga nan sai na zarce ɗaya ɓangaren, na tsani duk wani abu sabo. Na yi fomatin, na koma Windows 7, na kashe duk wani abdet, har ina yi wa yaran shago faɗa in sun danna. Wannan ma wauta ce, ta fi ta farko kama da hankali ne kawai. Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, kuma kamfanonin antibairos ɗaya bayan ɗaya suka riƙa janye sababbin fitarsu daga kanta. Antibairos a kan Windows ɗin da aka daina yi wa faci kamar maigadi ne a ƙofar gida alhali katangar baya ta zube. Ku tuna bairos ɗin WannaCry na watan Mayun 2017 da ya shiga ƙasashe wajen 150 har ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila, ramin da ya bi ya shiga Microsoft ta riga ta fitar da facinsa tun watan Maris, waɗanda ya ci ba su sa ba ne.

Shi ya sa yanzu in yaro ya tambaye ni, kafin mu yi maganar antibairos nake cewa wace Windows ce a kai. Windows 10 ma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025, sai dai wani shiri na ƙarin shekara ɗaya da Microsoft ta buɗe zuwa Oktoban 2026, kuma yawancin 'yan Landan ɗin da ake sayar muku da araha firosesansu tsoho ne, Windows 11 tana neman Intel zubi na 8 zuwa sama da wani guntu da ake kira TPM 2.0. In taka ba ta kai ba, kuɗin da za ka zuba a lasisin shekara gara ka fara tara shi na canjin na'ura.

Ban ce tsoron abdet ba shi da tushe ba. A Afrilun 2010 wani abdet na antibairos ɗin McAfee ya ɗauki fayil ɗin Windows XP na asali a matsayin bairos, kwamfutoci suka yi ta kashe kansu suna kunnawa. Ranar 19 ga Yulin 2024 abdet na kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ya kwantar da na'urori kimanin miliyan 8.5 a lissafin Microsoft, jirage suka kasa tashi, bankuna suka tsaya. Amma ana tuna waɗannan ne saboda ba kullum suke faruwa ba, filashin da ya zaga kwamfuta goma a makaranta kuwa kullum sai an soka shi a taka. Abin da nake yi kawai, in babban canji ne na manhajar, ba na rawar jiki a ranar da ya fito, in bar shi ya ɗan kwana biyu, in kwashe muhimman fayil zuwa wani hadi da ba ya zama a jone, kuma ba na taɓa shi a daren da ake jiran aiki da safe. In kamfanin ya ce ya daina tallafa wa tsohon da ke kanka, ko ka buɗe ka ga ranar abdet na ƙarshe ta yi watanni, nan babu jira, ka sa sabon daga shafin kamfanin kansa ko daga cikin manhajar, in kuma lasisi ya ƙare ba ka da kuɗi ka cire shi gaba ɗaya Defender ya dawo. Ɗakunan gwaji irin AV-TEST na Jamus da AV-Comparatives na Ostiriya suna gwada shi tare da na kuɗi kuma ba ya jin kunya a cikinsu.

Masu son sayen na kuɗi ku duba farashin shekara ta biyu, na farkon ne ake karyarwa, kuma in ka bar katinka a ciki da kansa zai cire. Kada kuma sunaye su ruɗe ku, Norton da Avast da AVG da Avira duk yanzu gida ɗaya ne, Gen Digital. Na kyautan ma ba sadaka ba ne, a 2024 hukumar FTC ta Amurka ta sa Avast biyan dala miliyan 16.5 kan sayar da bayanan shafukan da mutane ke shiga.

Sai masu jibga biyu ko uku wai don ƙarin tsaro, a kan RAM 4, sannan su zo suna cewa kwamfuta tana hangin. Kowanne yana son ya riga ɗan uwansa duba fayil, wani lokacin ma su kama juna. In za ka canza, cire tsohon tukuna, yawancin kamfanonin suna da 'yar manhajar da ke share ragowarsu, ka yi risitat sannan ka sa sabon. Antibairos ɗin Smadav da kowa ke so saboda filash shi dama an yi shi ne ya zauna a gefen wani, ba shi kaɗai ba. In kuma kana cikin burauza wani shafi ya buɗo yana ƙara wai an gano bairos biyar a kwamfutarka danna nan ka sabunta, wannan ba antibairos ɗinka ba ne, shafi ba ya iya duba hadinka, rufe shi, ka shiga saitin burauzar wajen sanarwa ka goge izinin da ka ba shi ba ka sani ba.