Talata a ɗakin lura da motocin ramin haƙar dutse

Aikin safe ya kama da ƙarfe 6. Hazon hunturu ya rufe ramin dutsen siminti, amma allon kwamfuta na nuna kowace tifa a inda take. Kowace mota tana da GPS da ɗan allo a gaban direba, manhaja kuma tana ƙirga mintunan lodi, tafiya, juyewa a bakin injin niƙa, da dawowa. Kamfanin Modular Mining ne ya fara irin wannan tsari a ma'adinan tagulla na Amurka wajen 1980. Yau kamfanin Caterpillar na da irinsa mai suna MineStar, Hitachi kuma na da Wenco.

Zagaye ɗaya a ramin nan minti 24 ne, lodin mota ɗaya minti 4, wato motoci 6 ke ciyar da injin haƙa ɗaya ba tare da kowa ya jira ba. Da hantsi sai ga 8 a injin haƙa na arewa, 4 a na kudu. Can an yi layi ana ƙona man gas a tsaye, nan kuma mai injin ya ɗaga cokali yana jiran mota. Taswirar gudu ce ta tona dalili: a wata kwana ta hanyar kudu duk mota sai ta rage gudu sosai, saboda ramuka, shi ya sa direbobi ke ƙaurace mata. Aka tura gireda da tankar ruwa, aka mayar da motoci biyu kudu.

Abin da ya fi cin lokaci yau shi ne awon lodi. Tifa ba ta da sikeli a cikinta. Wata na'ura ce ke karanta matsin da ke cikin shokozoba huɗu, masu mai da iskar nitrojin, ta mayar da shi tan. Mota mai lamba 7 ta yi ta nuna lodi ya wuce kima, mai injin haƙa ya dinga rage mata cokali ɗaya. Da aka hau da ita babban sikeli, ashe ko cika ba ta yi. Nitrojin ɗin shokozobar baya ta hagu ya zurare, ta zauna, awon ya karkace. Makanikai suka yi mata caji, aka sake saita sifili a shimfiɗaɗɗen wuri, bodi babu komai. Wannan sharaɗi na ƙarshe ake yawan tsallakewa, musamman da damina in laka ta manne a bodi. Ƙa'idar Caterpillar ita ce 10/10/20: kada fiye da kashi 10 na lodi su wuce kima da kashi 10, kada ko ɗaya ya wuce da kashi 20. Ƙa'ida ce mai kyau, amma in awon ya lalace ba ta kare taya ba, ba ta kare birki ba.

Bayan azahar na duba dalilan tsayuwar mota da direbobi ke dannawa a allonsu. Mafi yawa direbobi sun danna “wani dalili”. Ban ga laifinsu ba: jerin ya yi tsawo, da Turanci yake, kuma duk wanda ya zaci za a yanke masa albashi da abin da ya danna ba zai danna gaskiya ba. A ganina dalilai 8 sun isa, salla da cin abinci su samu nasu maɓalli.

Sabis ya ɗauke a ƙasan ramin bayan fasa dutse, domin sabon bango ya tare eriya. Bayanan ba su ɓace ba, motar na ajiye su har ta hau sama, sai dai a wannan tsakanin manhaja ba ta iya raba motoci. An ja tirelar eriya mai sola zuwa matakin gabas na bangon ramin.

Sakamakon gwajin baƙin mai na mota 3 ya iso da yamma: silikon ya hau tare da alminiyom, alamar ƙura na shiga inji. An samu kilif ɗin bututun iska ya saki bayan filta. An ɗaure, za a canza mai, a sake ɗibar samfur da wuri a ga ko ƙarfe ya fara hawa a man, alamar inji na cinyewa. Awon tsibin dutse da jirgi maras matuƙi an ɗage shi zuwa gobe, in hazo ya washe.