Gyaran gaɓar ƙashin wuya da ƙashin ƙirji: abin da aikin ya koya mini

Yawancin waɗanda nake yi wa wannan tiyata a Katsina faɗuwa ce daga babur ta kawo su, wasu daga Daura ko Mashi, bayan mai ɗori ya mayar da ƙashin sau biyu ko uku ya sake gocewa. Ƙashin wuya ne, wanda ya taso daga kafaɗa, kansa yake tsalle daga mazauninsa a saman ƙashin ƙirji duk lokacin da aka ɗaga hannu.

Ba na taɓa wuƙa sai na ga hoton siti sikan, wanda ke nuna cikin jiki yanki-yanki, domin hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna gaɓar sosai. In majinyaci bai kai shekara 25 ba, kan ƙashin bai gama haɗewa ba, sau da yawa karaya ce a wurin girma, ba gocewa ba. Matashi mai sakin gaɓoɓi da ke fitar da ƙashin da kansa ba tare da zafi ba kuwa, motsa jiki nake tura shi; tiyata ba ta yi masa rana.

Ina ɗauko jijiya ɗaya daga bayan cinya, in huda ramuka biyu a ƙashin wuya, biyu a ƙashin ƙirji, kowane kusan milimita 4, nesa da bakin gaɓar da kamar santimita ɗaya. Sai in zura jijiyar ta zagaya kamar lamba 8, mataimakina ya danne ƙashin a mazauninsa, in ɗaure. In ramukan sun matsu da juna, ƙashin da ke tsakaninsu yakan tsage.

Hudar ita ce wurin da nake riƙe numfashi. Bayan ƙashin ƙirji, kauri kaɗan, manyan jijiyoyin jini ne da maƙogwaro. Sai na sa yatsa na share bayan a hankali, na shimfiɗa faffaɗan ƙarfe ya tare bakin injin hudar, kuma likitan tiyatar ƙirji yana kusa, jini a tanade. Waya ko siririn ƙarfe ba sa shiga wannan gaɓa ko kaɗan: suna tafiya da motsin numfashi, an sha samun sun kai zuciya.

In an rage kan ƙashin wuyan, kada ya wuce santimita ɗaya, don jijiyar da ta ɗaure shi da haƙarƙari na farko ta tsira.

Hannu a rataye mako shida. Ɗaukar buhu da hawan babur sai bayan wata uku aƙalla, kuma a gaban 'yan uwa nake faɗa, domin a nan ne aiki ya fi lalacewa.