Jan biro a kan kalmar "ƙarfi"

A jarrabawar farko ta darasin juyin halitta, na rubuta da gadara cewa mai ƙarfi shi ke rayuwa, rarrauna kuma ya mutu. Da takardar ta dawo, sai na ga malam ya zagaye kalmar "ƙarfi" da jan biro, ya rubuta a gefe: "Ƙarfin me? A ina?" Na ji haushi, don a tunanina abin da masanin halittu Charles Darwin ya faɗa ke nan tun 1859.

Ashe abin da masana ke aunawa shi ne yawan zuriyar da halitta ta bari, wadda ita ma ta rayu ta hayayyafa. Ƙaton da bai bar baya ba, a wannan lissafin sifiri ya ci.

Sikila ce ta fara warware mini "a ina". Harafi ɗaya tak ne ya sauya a DNA na ƙwayar gadon da ke haɗa himogulobin (sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini), amma ya isa ya sa jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje idan iskar oksijin ta yi ƙaranci. Na ɗaga hannu na ce, "Malam, abin da ke wahalar da mutane haka, me ya hana shi ɓacewa tuntuni?" Bai ce komai ba, ya zana akwati mai gida huɗu a allo. Uwa AS, uba AS: gida ɗaya AA, biyu AS, ɗaya SS, kuma kowane ciki da nasa sabon lissafin. Sannan ya kawo aikin wani masani mai suna Anthony Allison na 1954 a gabashin Afirka, wanda ya nuna cewa maleriya ba ta cika yi wa masu AS mugun kamu ba. Inda sauro ke yaɗa cutar, mai AA na cikin haɗarin zazzaɓi, mai SS na fama da ciwonsa, AS ne ke tsira da yawa, shi ne kuma ke miƙa S ɗin ga na baya. A ƙasar da babu maleriya kuwa, ribar ta tafi, wahalar kaɗai ta saura. Na daɗe ina kallon akwatin nan bayan an tashi.

Sai tsuntsayen tsibirin Daphne Major a tsibiran Galapagos na tekun Pasifik, waɗanda masana Peter da Rosemary Grant suka shafe shekaru suna auna bakinsu ɗaya bayan ɗaya. Da aka yi fari a 1977, ƙananan iri masu laushi suka ƙare, fiye da kashi 80 cikin 100 na wani nau'in tsuntsayen suka mutu, masu kaurin baki da ke iya fasa iri mai tauri suka fi tsira. Bayan ruwan da aka tafka a 1983, ƙananan iri suka wadata, reshe ya juye da mujiya, masu ƙaramin baki suka koma gaba.

A nan ma sai da na sake shan jan biro, don na rubuta cewa tsuntsayen sun ƙara girman bakinsu saboda fari. Ko tsuntsu ɗaya bai ƙara komai ba. Bambancin yana nan cikinsu tun kafin ruwa ya ɗauke, gado ne daga iyaye, shi fari tankaɗe kawai ya yi. Malam ya ja layi a ƙarƙashin "sun ƙara", ya zaftare mini maki biyu.