Ƙirji ba ya son ɗauri

A makarantar koyon jinya, ƙasusuwan ƙirji na cikin darussan da ɗalibi yake haddacewa dare ɗaya. Haƙarƙari 24 ne, 12 a dama, 12 a hagu, kuma adadin ɗaya ne ga namiji da mace, ko da yake har gobe akwai mai ja da kai a kan wannan in an zauna fada. Kowanne ya kafu a ƙashin baya. Bakwai na sama suna zagayowa su kama ƙashin tsakiyar ƙirji da guringuntsi, na 8 zuwa na 10 suna rataye a guringuntsin na samansu, biyun ƙarshe kuwa ba su riƙe komai ta gaba ba. Aka ce mana aikinsu kare zuciya da huhu. Muka rubuta, muka ci jarrabawa.

Aiki a likitar karkara cikin jihar Maradi ne ya nuna mini cewa babban aikin haƙarƙari motsi ne. Ƙirji zugazugi ne irin na maƙeri. Huhu ba shi da ƙarfin jawo iska da kansa. Faffaɗan naman nan da ya raba ƙirji da ciki, wanda muke ce wa diyafaram, shi ke sauka ƙasa, naman da ke tsakanin haƙarƙari ya ɗaga su sama da waje, wuri ya buɗe, iska ta shiga. In suka saki sai ta fita. Baligi a zaune yana yin haka sau 12 zuwa 20 a minti guda, wato fiye da sau 17,000 kowace rana, barci da farke.

Wanda ya gane wannan, idonsa ya zama kayan aiki. Da hunturu, lokacin da ƙura ta rufe gari daga Dakoro har Madarunfa, layin uwaye masu goyo yakan kai bakin ƙofa, kusan kowace da magana ɗaya: tari da zazzaɓi. Yawancinsu mura ce. Amma a cikinsu akwai masu ciwon haƙarƙari, wato ciwon huhu, wanda yake kashe yara ƙanana cikin kwanaki kaɗan, kuma ba mu da na'urar hoton ƙirji da za ta ware mana su. Wata tsohuwar ma'aikaciya da na tarar a wurin takan ce mini, "Ɗiyata, ɗaga mishi riga tukuna, ki bar sauri." Sai a jira yaro ya yi shiru a cinyar uwarsa, don mai kuka ba a ƙirga masa numfashi. A ƙirga minti guda cur. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce: daga wata 2 zuwa wata 11, numfashi 50 ko fiye ya yi sauri, daga shekara 1 zuwa ƙasa da 5, numfashi 40.

Sannan a dubi ƙasan ƙirji. Haƙarƙarin jariri laushi gare shi, guringuntsi ya yi masa yawa, kuma a kwance yake, bai sunkuyo ƙasa kamar na babba ba. In huhu ya cushe, diyafaram ya ja da ƙarfi, sai ƙasan ƙirjin ya lotsa ciki a daidai lokacin da ya kamata ya buɗe. Wannan lotsawar ba ta ƙarya. In ta haɗu da ƙin shan nono, ko jijjiga, ko yaro ya yi laƙwas ba ya farkawa, ko yana da tamowa mai tsanani, ba a kwana da shi, babbar likita ake nufa. Sau da yawa in na ɗaga riga nakan tarar da sabon tsagar wanzami a daidai wurin. Ba na yi wa uwa faɗa. Ta ga wurin da ciwon yake tun kafin ni, maganin ne ba a nan fatar yake ba.

Manya kuma karaya ce ke kawo su: kabu-kabu ya zubar da mutum, amalanke ta danne, sa ya yi tunkuyi. Da yawa suna zuwa an riga an naɗe musu ƙirji tamau da zane ko rawani. Dalilin a fili yake, ɗaurin yana rage zafi, kuma kowa ya ga hannu ya warke a wurin mai ɗori. Amma hannu ana iya ajiye shi ya huta, ƙirji kuwa ba shi da hutu. In aka matse shi, numfashi ya gajarta, majina ta taru a ƙasan huhu, bayan ƴan kwanaki zazzaɓi ya biyo. Tsofaffi sun fi shiga wannan haɗari. Haƙarƙarin da ya karye yakan haɗe da kansa cikin kamar mako shida. Abin da yake buƙata shi ne maganin zafi isasshe, don mutum ya iya jan dogon numfashi ya yi tari, ko da zai rungumi matashin kai yana yi. Kwance ɗaurin nan yakan zo da gardama. "Baba, in na bar maka shi, huhunka ne zai biya," haka nake cewa, wani ya yarda, wani sai ɗansa ya sa baki.

Inda karayar take ma magana ce. Haƙarƙarin ƙasa sun lulluɓe hanta ta dama, saifa ta hagu, ƙoda kuma ta baya. Mutum zai iya shigowa da ƙafarsa yana raha, alhali saifa ta fashe, jini na zuba a ciki. Shi ya sa duk wanda ya bugu a ƙasan ƙirji ba na gaggawar sallamarsa. Nakan auna bugun jininsa, in taɓa ciki, in dubi farin ido da tafin hannu, in sake aunawa bayan ɗan lokaci. In bugun yana ƙaruwa, jiki na sanyi da zufa, ko numfashi ya soma gagara, sai in rubuta takardar turawa Maradi, in sa a nemo mota tun kafin dangi su gama shawara.